Uba ya yi bangar siyasa, an zubar da jini: me ya rage a wuyan 'ya'ya?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da ta taso jiya da daddare ta fi ƙarfin a bar ta a tsakiyar hira, shi ya sa na ware mata wuri. Ga tambayar. Mutum ya girma ya tarar ana raɗe-raɗi cewa mahaifinsa na cikin waɗanda aka yi amfani da su wajen bangar siyasa, ko zamanin jam'iyyun NPC da NEPU, ko a Jamhuriya ta Biyu, ko a rikicin bayan zaɓen 2011. An ƙona gida, an ƙwace gona, wataƙila har an yi kisa. Uban ya rasu, ko kuma ya tsufa yana kwance. Me ya kamata ɗa ya yi, kuma ta ina zai fara? Sharaɗi ɗaya: kada wanda ya kama sunan wani gida ko wani mutum a nan.

Baba Tsoho:
Wa alaikumus salam. Ni dai shawarata a bar kaza cikin gashinta. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Wanda ya yi ya tafi inda za a tambaye shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Jikokin waɗancan gidaje yau sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci. Wa zai amfana in an ɗaga?

Almajirin Fikihu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hadisin ingantacce ne, amma abu biyu muke haɗawa a nan. Akwai zunubi, akwai hakki. Zunubi ba a gadonsa, Alƙur'ani ya maimaita cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin wata, kamar a Suratul An'am aya ta 164. Ikrima ɗan Abu Jahal ne, kuma sahabi ne, ba wanda ya ɗora masa aikin ubansa. Don haka ɗa ba shi da laifin da zai tuba a kai.

Hakkin dukiya kuwa yana bin gado ya shigo gida. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mutum ya rasu ba a fara rabo sai an bi tsari: a fitar da abin da ainihinsa na wani ne ko yake jingine, a yi hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan magada su raba ragowar. Gonar da aka ƙwace tana matakin farko ne, ba ta ma shiga dukiyar mamaci ba balle a raba. Malamai kuma sun faɗa a sarari cewa magajin da ya san abu na ƙwace ne ya riƙe, hukuncinsa hukuncin wanda ya ƙwata ne. To kun ga wanda ya sani ya yi shiru yana cin amfanin gonar, sabon laifi yake buɗe wa kansa, ba na ubansa ba.

Ma'ajin Takardu:
Malam, kafin a kai ga fikihu akwai matakin da mutane ke tsallakewa, kuma nan ake yin ɓarna mafi yawa: tabbatar da abin da ya faru. Raɗe-raɗin unguwa ba hujja ba ne. Sau da yawa ana haɗa mutum biyu masu laƙabi ɗaya, ko a ɗora wa wanda ya fi suna duk abin da rundunarsu ta yi cikin shekara goma.

Ga yadda ake bi. Da farko a ɗauki takarda a rubuta abu huɗu: wane gari ko unguwa, wace shekara, wa aka cuta, me aka yi masa takamaimai. In ɗaya daga cikin huɗun babu, ba a da magana tukuna. Shekara ita ce mai wuya, domin dattawa ba sa lissafi da lamba. A tambaye su da abin da ba sa mantawa: kafin zuwan Sarauniyar Ingila ne ko bayansa, wato 1956? Sarkin Kano Sanusi na ɗaya yana kan gado ko ya sauka, wato 1963? An kashe Sardauna ko tukuna, wato Janairun 1966? An yi canjin hannu na tuƙi, 1972? Da fam da sule ake ciniki ko naira ta shigo, 1973? Da tambaya uku irin waɗannan za ka matse abu cikin shekara biyu.

Na biyu, a ji daga baki aƙalla uku, kuma dole ɗaya ya kasance daga ɓangaren da aka cuta ko jam'iyyar adawa. Kada a tara su wuri ɗaya, domin mai babbar murya zai gyara wa sauran tunaninsu. Kowane a tambaye shi, ka gani da idonka ko ji ka yi? In ji ya yi, daga wa? Za ka sha mamakin yadda mutum biyar za su koma ga bakin mutum ɗaya.

Na uku, takardu. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin larduna, na Kano ana kiransu KANOPROF, na Zariya ZARPROF, a ciki akwai rahotannin Razdan da na Di'o kan tarzoma da tarukan siyasa. Arewa House a Kaduna tana da tsofaffin jaridu da takardun gwamnatin Jihar Arewa. A Kano akwai Gidan Mambayya, wanda ya fi ƙarfi a ɓangaren NEPU da PRP, da kuma Gidan Ɗan Hausa. A duba Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na watan da ake zargi da wata guda bayansa, domin labarin shari'a yakan fito a makare. A nemi suna ta duk yadda Bature zai iya rubuta shi, a kuma nemi laƙabi, don ɗan banga ba kasafai ake rubuta shi da sunan yanka ba.

Malamar Tarihi:
Na goyi bayan Malam Ma'aji, da gargaɗi ɗaya babba. Takardar hukuma ta wancan zamani ba alƙali ba ce, ita ma ɓangare ce a rikicin. En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, ita ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, kotunan alƙalai a ƙarƙashinta suke har zuwa wajen 1968, kuma En'e a mafi yawan masarautu tana tare da NPC. Sakamakon haka, in ɗan NEPU ne aka fasa wa kai, sau tari shi za ka gani a rajistar kotu an ɗaure shi da laifin taro ba izini ko zagin sarki, wanda ya fasa kan kuwa babu sunansa ko'ina. Rashin ganin sunan mahaifinka a fayil ba ya wanke shi. Haka kuma ganin sunansa an ɗaure shi ba ya tabbatar da ya yi laifi. Hajiya Gambo Sawaba an kai ta kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wa zai ce yau ita ce mai laifin?

Wani abin lura, yawancin rajistar alƙalai da Larabci ko ajami aka rubuta, sai an tafi da mai iya karanta rubutun hannu na lokacin. Kuma ko manyan abubuwa ma lissafinsu na hukuma ne kawai. Tarzomar Kano ta Mayun 1953, wadda ta taso kan ziyarar tawagar jam'iyyar Action Group ƙarƙashin Akintola, hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, amma rahoton bai ba ka sunan wanda ya kashe wane ba.

Ɗan Sawaba:
Ku yi haƙuri, amma wannan zaren yana neman ya ɗora wa talaka kaya ne a bar mai gida. 'Yan Mahaukata da suka addabi tarukan NEPU a Kano a farkon shekarun 1950 su waye? Mahauta ne, 'yan tauri, 'yan farauta, 'yan dako. Wani ne ya tara su, ya ba su goro da 'yan sulalla, ya tabbatar ɗan doka ya kau da kai. Jikokin wanda ya ba da umarni suna da tituna da sunan kakansu, shi kuma ɗan mai gora ana ce masa ya je ya durƙusa. A 10 ga Yulin 1981 an kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, a cikin gidansa, aka kafa kwamitin bincike, wa kuka ji an rataye?

Malamar Tarihi:
Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce, kuma a cikin bincike dole a rubuta wanda ya biya da wanda ya kau da kai, in ba haka ba hoton bai cika ba. Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Matasan NEPU ma sun kafa rundunoninsu na ramuwa, kuma a Jamhuriya ta Biyu kowace jam'iyya ta yi 'yan banga, har ɓangarorin PRP biyu, santsi da taɓo, ba su bar juna ba. Gidan da aka ƙona bai tambayi katin jam'iyyar mai ashana ba. Cewa an yi amfani da uba yana bayyana dalili, amma ba ya mayar wa marayu gonarsu.

Lauyan Unguwa:
Bari in shigo da ɓangaren doka, don akwai ramuka uku da mai kyakkyawar niyya ke faɗawa.

Ramin farko: in uban ya rasu, shari'ar laifi ta mutu tare da shi. Ba kotun da za ta tuhumi ɗa, kuma sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda yanayin haihuwarsa kawai. Amma in yana raye, laifin kisa ba ya tsufa. Sashe na 221 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, hukuncin kisa ya tanada, kuma babu wa'adin shekarun da in sun wuce an huta. Don haka wanda ya ɗauki muryar mahaifinsa a waya yana amsa cewa ya yi, ya sani hujja ce ya riƙe a hannu. Dokar shaida ta 2011 ba ta keɓe ɗa ba, kotu na iya kiransa ya faɗi abin da ya ji. A ga lauya kafin a danna maɓallin ɗauka, ba bayan an ɗauka ba.

Rami na biyu: sulhu tsakanin gidaje ba ya ɗaure hannun gwamnati a laifin kisa. Iyalin mamaci na iya yafewa, babban lauyan gwamnati kuma ya ci gaba da ƙararsa in ya ga dama. Masu cewa ai dokokin shari'ar Musulunci na jihohi sun ba waliyyan jini damar yafewa, su tuna waɗannan dokoki daga shekarar 2000 suka fara, kuma sashe na 36 na tsarin mulki bai yarda a yi wa mutum hukunci da dokar laifi da ta zo bayan aikinsa ba. Abin 2011 na iya shiga ƙarƙashinsu a wasu jihohi, na 1959 ko 1983 ba zai shiga ba.

Rami na uku shi ne Facebook. Mutum ya gano gaskiya, zuciya ta ɗebe shi, ya rubuta dogon bayani har da sunayen abokan aikin mahaifinsa. Waɗannan suna da 'ya'ya. Sashe na 391 na Final Kod kan ɓata suna ya taɓo har abin da aka jingina wa mamaci in an yi shi don a cuci iyalinsa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Sirrin gidanku kana da ta cewa a kai, na gidan wasu ba ka da.

Ma'ajin Takardu:
Barista, ƙarin bayani kan abin da ya faru kusa-kusa. Na 2011 ya fi sauƙin bi domin shaidu suna raye. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya zagaya ya karɓi bayanai, ya miƙa rahoto a Oktoban shekarar. Ana iya rubuta wa hukuma takardar neman bayani ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, doka ta ba su kwana bakwai su amsa, suna iya ƙara wasu bakwai. A faɗi ainihin takardar da ake so da garin da ranar, domin in ka ce a ba ka duk abin da ya shafi rikicin, amsar da za ka samu ita ce ba a gane buƙatarka ba. Na zamanin soja kuma akwai rahoton kwamitin Oputa, wanda aka kafa a 1999 ya karɓi koke kusan dubu goma. Gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a 2005.

Baba Tsoho:
To na ji. An tabbatar, an ga gona ce ko gida. Amma Malam, shekara sittin fa. Ina hauzi? Mu mun san in mutum ya riƙe wuri shekara goma mai shi yana gani bai yi magana ba, maganarsa ta faɗi.

Almajirin Fikihu:
Baba ya kawo tambayar da ake yawan fakewa da ita. Hauzi gaskiya ne, shekara goma tsakanin bare da bare, tsakanin dangi kuma ya fi haka tsawo, kotunanmu kan ambaci arba'in. Sai dai yana da sharuɗɗa: mai hakki yana nan, yana gani, ya yi shiru, kuma babu abin da ya hana shi magana. Tsoron mai iko hani ne. Wanda aka kora daga gari, ko wanda ya san in ya je gaban alƙali shi za a ɗaure, ba a ce ya yi shiru don ya yarda ba. Sannan hauzi ba ya amfani in an san asalin shigar ƙwace ne. Hujja ce ta toshe ƙarar da ba a san tushenta ba, ba sabulun wanke haram ba.

Yadda ake mayarwa kuwa: in abin yana nan, gona ko fili, shi kansa ake mayarwa, a kuma yi maganar amfanin da aka ci. In abin awo ne kamar hatsi, a biya kwatankwacinsa, buhu da buhu. In ya salwanta kuma ba na awo ba ne, kamar gidan da aka ƙona ko doki ko keken ɗinki, ƙa'ida ita ce ƙimarsa a ranar da aka yi ta'adin. A nan ne lissafi ke ba da kunya. A ce an ƙona shago a 1959 da kayan fam arba'in. Da aka yi canji a 1973 fam ɗaya naira biyu ne, kenan naira tamanin. Wanda ya ɗauki naira tamanin ya kai gidan mutane yau zagi ya kai. Abin da ya dace shi ne a koma sulhu: a tambayi masu sana'ar nawa za a kashe a tayar da irin wannan shago yanzu, ko a auna abin da fam arba'in ke saya na zinariya ko shanu a lokacin, a daidaita a kai.

In an nemi masu hakki da magadansu an rasa bayan bincike na gaske, sai a yi sadaka da ƙimar da niyyar ladan ya je gare su, ba ga uban ba.

Uwar Sulhu:
Allah ya gafarta Malam, ga inda abin ke tsayawa a zahiri: 'yan'uwa. Ɗaya ya yarda, biyar sun ce ƙarya ake wa babansu, uwa kuma tana ɗaki tana kuka. An riga an raba gado shekara ashirin, wani ya sayar da rabonsa. Shi mai yardar zai biya duka ne?

Almajirin Fikihu:
A'a Hajiya. A wurin Imamu Malik, magajin da ya yi iƙirari da bashi a kan mamaci shi kaɗai, gwargwadon rabonsa ne ke kansa. Misali, 'ya'ya maza biyu mata biyu, ba matar aure ba iyaye, an kasa dukiya kashi shida: kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. In hakkin naira miliyan uku ne, namijin da ya yarda miliyan ɗaya ke kansa, mace dubu ɗari biyar. In kuwa magada biyu maza adilai suka ba da shaida a gaban alƙali, ya hau kan dukiyar gaba ɗaya. Kuma ba a bin magaji fiye da abin da ya gada. Uban da ya mutu bai bar komai ba, ba a tilasta wa ɗa ya biya daga guminsa, in ya yi kyautatawa ce ga mahaifinsa.

Ɗan Sawaba:
Jini fa? Gona ana mayarwa, rai fa?

Almajirin Fikihu:
Nan malamai sun saɓa, kuma gara a faɗa yadda yake. Kisan ganganci hakkinsa ƙisasi ne a kan wanda ya yi. In ya mutu kafin a yi, mashahurin zance a Malikiyya, haka ma Hanafiyya, shi ne ƙisasi ya faɗi kuma diyya ba ta wajaba a dukiyarsa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ce a fitar da diyya daga abin da ya bari. Dangi kuwa ba sa ɗaukar diyyar ganganci, ta kuskure ce ake raba musu. Cikakkiyar diyya raƙuma ɗari ce ko dinari dubu, kimanin kilo huɗu da kwata na zinariya, wanda gidan talaka ko an sayar da komai ba zai kai ba. Saboda haka a aikace sulhu ne a kan abin da ɓangarorin suka yarda. Faɗuwar hukunci a duniya dai ba ta nufin an sallami mutum a lahira, shi ya sa ɗa mai tausayin ubansa yake neman a yi wani abu ko da alƙali ba zai tilasta shi ba.

Uwar Sulhu:
To bari in faɗi yadda ake zuwa gidan, domin an fi ɓata abu a ƙofar gida fiye da a lissafi.

Ba a zuwa kai tsaye. A nemi mutum ɗaya da gidan ke jin nauyinsa, limami ko mai unguwa ko wata dattijuwa, wanda ba a san shi da jam'iyya ba kuma ba dangin mai zuwa ba. Shi zai fara zuwa shi kaɗai ya ce wane yana so ya zo kan maganar kaza, kun ba shi izini? In suka ce a'a, an tsaya. A bar wata shida ko shekara a sake aikawa sau ɗaya. In an sake ƙi, a bar musu saƙo cewa ƙofa a buɗe take, kada a mayar da su abin farauta.

In sun yarda, mutum uku sun isa: mai maganar, ɗan aiken, da shaida ɗaya. Ba ayari, ba mai ɗaukar hoto, ba lokacin zaɓe, ba ranar biki ko zaman makoki ba. Ranar farko ba a kai kuɗi, ko a ambulan ko a aljihu, domin kuɗi a zaman farko sayen baki ne. A zauna ƙasa, a faɗi abin da aka tabbatar da kalmomi ƙarara: mahaifina yana cikin waɗanda suka ƙona gidanku a shekara kaza, wannan zalunci ne, ban zo kare shi ba. Daga nan a yi shiru. Kalmar da ke rushe zama ita ce “amma”: amma lokacin haka ake yi, amma shi ma sa shi aka yi. Ko gaskiya ne, ba ranar faɗinsa ba ce. Za a iya jin magana mai zafi, wata tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki ta bar ka da tabarma. Ba a bin ta.

Kuma kada a ce ku yafe masa a zaman farko. Wanda ya zo da limami ya roƙi yafiya a gaban mutane ya sa su a tsaka mai wuya, za su ce mun yafe don kunya, zuciya kuwa tana nan yadda take. A tambaye su me suke so. Sau da yawa ba kuɗi ba ne. Wani so yake ya san inda aka binne, wani wa ya nuna gidan, wata kuma so take a faɗa a gaban mai unguwa cewa mijinta ba ɓarawo ba ne kamar yadda aka yaɗa.

Lauyan Unguwa:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara: in an daidaita, a rubuta. Sunayen dukkan magadan wanda aka cuta, abin da aka mayar, iyakokin gona ta gabas da yamma da kudu da arewa, shaidu biyu daga kowane ɓangare, a kai kotun yanki ko ta shari'a a mayar da shi hukuncin sulhu. Kuskuren da ake yi shi ne a ba babban wa shi kaɗai, bayan shekara biyu 'yan'uwa mata ko 'ya'yan wani ɗaki su taso. Sannan babba ba shi da ikon yafe rabon maraya ƙarami.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu ma nan muna da irin wannan miki. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, a ƙarshen 1964 mayaƙanta suka shigo da makamai, gwamnatin RDA ta Diori Hamani ta murƙushe su, an harbe wasu a bainar jama'a, an tsare mutane da dama, a 1965 kuma aka jefa gurneti a filin Idi a Yamai ana nufin Diori. A ƙauyuka da yawa maƙwabci ne ya nuna maƙwabci. Ga mai bincike: ban da ma'ajiyar ƙasa ta Yamai, takardun kafin 1960 wasu suna Dakar wasu suna Faransa, duka da Faransanci, kuma sunaye an rubuta su da salon Faransa, Usman ya koma Ousmane, Shu'aibu ya koma Chaibou. Babban taron ƙasa na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi na gwamnatocin baya, nan ma wurin dubawa ne. Kuma 'yan Sawaba da yawa Kano suka gudu, don haka wani bakin shaidar yana wajenku.

Malamar Tarihi:
Madalla da wannan. Tunda an taɓo waje, darasi biyu a gurguje. A Ruwanda kotunan al'umma na gacaca, da aka kafa don shari'ar kisan ƙare dangi na 1994 aka kuma rufe a 2012, sun saurari ƙara kusan miliyan biyu, mafi yawansu kan dukiya ne, shanu da rufin kwano da kayan ɗaki, kuma ba a karɓar iƙirari sai mai laifi ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla. Amma da aka fito da shirin Ndi Umunyarwanda a 2013, aka riƙa kiran matasan Hutu su nemi gafara da sunan iyayensu, ya sha suka, saboda ya sa wanda yake goye a 1994 ya ɗauki laifin da bai yi ba. A Ajantina kuma, 'ya'yan sojoji da 'yan sandan mulkin 1976 zuwa 1983 sun haɗa ƙungiya a 2017 suna barranta daga aikin iyayensu, har suka nemi majalisa ta gyara dokar da ta hana ɗa ba da shaida a kan mahaifinsa. Wasunsu danginsu sun yanke su. Duk mai shirin wannan tafiya ya sa a ransa cewa zafin farko daga cikin gida zai fito.

Baba Tsoho:
Wannan ne nake tsoro tun farko. Yaro ya tashi ya tsine wa ubansa a duniya don a yaba masa.

Almajirin Fikihu:
Baba, ba a nemi haka ba, kuma bai halatta ba. Ayar Suratun Nisa'i ta 135 ta ce a tsaya da adalci a yi shaida don Allah ko da a kan kai ne ko iyaye. Ayar Luƙman ta 15 kuma, ko iyayen da ke jan ɗa zuwa shirka, ta ce kada a bi su amma a zauna da su da kyautatawa. Duka biyun ake riƙewa. Uba Musulmi ana yi masa addu'a, ana yi masa sadaka, in yana raye ana jinyarsa. Mutumin da ya goya ka a wuya zuwa kallon hawan sallah shi ne dai wanda ya riƙe gorar, ba sai ka ƙaryata ɗaya ba kafin ka yarda da ɗaya.

Uwar Sulhu:
In yana raye ma, da bakinsa ya fi. Amma ba a tsare tsoho da tambaya kamar ɗan sanda. A zaɓi lokacin da yake da ƙarfi, galibi da hantsi, ba jikoki a wurin, ba matarsa. A fara da zamanin: wa ke shugabantar matasa a unguwa, ina ake taruwa, me ake ba ku. Zama na farko a tsaya nan. Na biyu ko na uku shi da kansa yakan kawo ranar. In ya kawo, tambaya ɗaya ce mai amfani: Baba, akwai abin wani a hannunmu? In ya ce akwai, a kira shaidu biyu ya faɗa a gabansu tun yana cikin hankalinsa, wannan ya raba 'ya'yansa da gardamar da muka yi magana a sama.

Lauyan Unguwa:
Da sharaɗin da na faɗa, Hajiya: iƙirarin dukiya a gaban shaidu daban, na jini daban. Na biyun kada a tara masa mutane sai an zauna da lauya.

Ɗan Sawaba:
Har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai aika limami gidan waɗanda suka ba da goron.

Mai Kula da Zaure:
Wannan zare ne na daban, Malam, ka buɗe shi gobe in Allah ya kai mu. Malam Ma'aji, wasu sun tambaya ta akwatin sirri ko ana barin mutum ya ɗauki hoton fayil da waya a Kaduna.

Ma'ajin Takardu:
A tambayi jami'in ɗakin karatu kafin a fito da waya, ƙa'idar kan canza kuma wani lokaci akwai kuɗin da ake biya. A tafi da katin shaida da takardar da ta bayyana abin da ake nema, a ware aƙalla kwana uku, don ranar farko kan ƙare a duba kundin jerin fayiloli. Kowace takarda aka samu a rubuta lambar fayil da shafi da kwanan wata a littafi nan take. Tsofaffin takardun suna karyewa kamar busasshen ganye, a juya su da hannu biyu, kuma fensir ake shiga da shi, ba biro ba.